YADDA A KE RIƘE ƁERAN MASAR A YANKE MASA FARCE

An rubuta wannan takarda domin masu kiwon ɓeran Masar, da iyayen yaran da su ke ajiye shi a gida don sha'awa, da malaman da ke lura da shi a gonar makaranta. Abin da ta ke koyarwa ƙarami ne a ido, watau yankan farce. Amma a wurin wannan ɗan aiki dabba ta kan karye, ta kan gurgunce, wani lokaci har ta mutu. Yawancin wannan ɓarna kuwa daga mugun riƙo ta ke fitowa. Saboda haka ka karanta a hankali, ka koyi riƙo tukuna, kana ka ɗauki abin yanka.

1. ASALINSA, DA ABIN DA KE SA FARCENSA TSAWO

Ko da ya ke muna ce da shi ɓeran Masar, ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa duwatsun Andis ne, cikin Amurka ta Kudu, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado. Mutanen can sun yi shekaru dubbai suna kiwonsa don nama. Cikin ƙarni na 16 fataken teku suka kai shi Turai, daga baya ya bazu cikin duniya. Yanzu ana kiwonsa a Kamaru da Kwango da Tanzaniya, da wurare da dama a Nijeriya. Masara ma haka ta ke, daga Amurka ta fito, ta zo ta ɗauki sunan Masar.

'Yan'uwansa na daji suna yini suna guje-guje a kan ƙasa mai tauri da tsakuwa, ƙasa tana goge musu farata kamar yadda dutse ke cin fartanya. Na gida ba shi da wannan. Yana zaune cikin keji, a kan ciyawa mai laushi ko garin katako, abinci yana iske shi inda ya ke. Farce kuwa ba ya daina tsiro muddin dabba tana da rai. Wanda a ke sakinsa a ɗaki mai daɓe ya kan goge kaɗan, amma ko shi sai an riƙa dubawa.

2. ƁARNAR DOGON FARCE

In farce ya yi tsawo sai ya fara lanƙwasa kamar ƙahon rago. Ya kan karkata gefe, ya murɗe yatsa, har dabba ta kasa taka ƙasa daidai. Na ƙafar gaba ya kan naɗe ya koma ya soki tafin ƙafa. Wani ya kan maƙale a ragar waya ko a buhu, dabba ta fizga, farcen ya tsage tun daga gindi.

Babbar ɓarna ita ce gyambon tafin ƙafa. Tafin ɓeran Masar ba shi da gashi, fatarsa kuwa siririya ce. In dogon farce ya karkatar da ƙafa, nauyin jiki sai ya taru wuri ɗaya. Wurin ya yi ja, ya kumbura, ya fashe, ƙwayoyin cuta su shiga. Ragar waya a ƙasan keji da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa suna ƙara wannan ciwo ƙwarai. In ya daɗe ya kan kai ga ƙashi, sa'an nan maganinsa da wuya. Dabbar da ƙafa ke yi mata ciwo ba ta zuwa wurin abinci, sai ta rame, macen kuma ta kasa renon 'ya'yanta. Ka ga ke nan asarar da a ke iya tsarewa da aikin minti goma a wata.

3. YADDA FARCE YA KE

Ɓeran Masar yana da yatsu 4 a kowace ƙafar gaba, da 3 a kowace ƙafar baya. Farata 14 ke nan duka. Ka riƙe wannan lissafi, don kada ka tsallake wani.

Farce kashi biyu ne. Bakinsa mataccen abu ne, kamar ƙaho, yankansa ba zafi. Amma daga gindi akwai jijiya mai rai a cikinsa, wadda ke ɗauke da jini, ita ce kuma ke jin zafi. Duk wanda ya taɓa zarce wuri a yankan nasa farce ya san wannan zafi. A farin farce jijiyar tana bayyana, ja-ja, kamar zare cikin kwalba. A baƙin farce ba a ganinta sai da dabara. Dabba guda ta kan zama da fari da baƙi gaba ɗaya, gwargwadon launin fatar kowace ƙafa.

Ga wani abu da ya kamata ka sani. In an bar farce ya yi tsawo, jijiyar ma sai ta bi shi ta yi tsawo. In kuwa ana rage shi a kai a kai, sai ta riƙa ja da baya. Domin wannan ne ba a gyara dogon farce rana ɗaya.

4. KAYAN AIKI

Ka tara kayanka duka kusa da hannu tun ba ka taɓa dabbar ba. Ga su:

Abin yankan farce irin na mutane, ƙarami, mai kaifi. Irin wanda a ke yi wa jarirai ya fi kyau. Ga tsohon ɓera mai kaurin farce, ɗan almakashin nan da a ke yi don faratan kyanwa ya fi dacewa. Kada ka yi da reza, ko aska, ko wuƙa, ko almakashin tela. Reza tana zamewa, dakusasshen ƙarfe kuwa murƙushe farce ya ke yi, ya tsaga shi.

Tawul ƙarami, ko tsumma mai tsabta mai laushi.

Garin masara mai laushi, ko sitaci, cikin murfin kwalba, don tsai da jini.

Tocila, don duba baƙin farce.

Abin lasa masa a baki: yankin kokwamba, ko karas, ko koren tattasai, ko ɗanyar ciyawa.

Mutum na biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yanka. Wanda ya ƙware ya iya yi shi kaɗai, amma mai koyo kada ya gwada.

5. LOKACI DA WURI

Ka yi aikin da safe, gari ya waye sarai, rana ba ta yi zafi ba. Wannan dabba ta ƙasar duwatsu ce mai sanyi, ba ta yin gumi kamar mutum. Abin da ya fi mata daɗi shi ne digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Salsiyos. In zafi ya wuce 27 ta fara shiga hatsari. A Kano da Sakkwato kuwa, cikin watan Afrilu, zafin rana ya kan kai 40. In ka naɗe ta cikin tawul da tsakar rana a bazara, ga tsoro ga zafi, tana iya sheƙawa a hannunka.

Ka zauna a ƙasa bisa tabarma, cikin inuwa mai haske. Kada ka yi a tsaye, kada kuma a kan tebur. Ɓeran Masar ba gwanin hawa ba ne, bai iya faɗuwa kamar kyanwa ba. In ya kuɓuce daga tsawon ƙugun mutum ya kan karya ƙafa, ko haƙori, ko ƙashin baya, karayar baya kuwa ba ta ɗoruwa. A kori kare da kyanwa, a rufe ƙofa, a hana yara hayaniya.

6. YADDA A KE ƊAUKARSA

A daji shaho da sauran tsuntsaye masu farauta daga sama su ke kawo masa sura. Don haka duk hannun da ya sauko masa daga bisa, a wurinsa shaho ne. Ka rage tsawo, ka kawo hannunka ta gaba inda ya ke ganinsa, ka yi masa magana a hankali, ka bari ya sansana. Kada ka yi ta korarsa cikin keji. In ya ƙi tsayawa, tare shi a kusurwa, ko ka bar shi ya shiga ɗan kwali, ka ɗauko kwalin da shi a ciki.

Sa'an nan ka sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjinsa, dab da bayan ƙafafun gaba. Nan da nan ka sa ɗaya hannun ƙarƙashin gindinsa, ka tallafi nauyinsa. Ka ɗaga shi da hannu biyu, ka kawo shi jikinka. Babban namiji ya kan kai giram 900 zuwa 1,200, mace 700 zuwa 900, yawancin nauyin nan kuwa a baya ya ke. In ka bar bayan yana reto, ƙashin baya ne ke ɗauke da kayan duka.

Abu huɗu ne ba a yi daɗai. Ba a ɗaga shi da ƙafa. Ba a ɗaga shi da fatar wuya. Ba a ɗaga shi da kunne. Ba a matse masa ciki ko ƙirji, gama haƙarƙarinsa sirara ne, matsi kaɗan ya isa ya hana shi numfashi, ko ya ji wa hantarsa ciwo.

7. YADDA A KE RIƘE SHI

Mai riƙo ya zauna, ya shimfiɗa tawul a cinyarsa. Ya jingina bayan ɓeran da cikinsa, kan dabbar yana sama, gindinta yana zaune a kan cinya ko a tafin hannu. Ɗaya hannun yana kewaye da ƙirji, sako-sako, kamar yadda a ke riƙe ɗan tsako: ba a sake shi ya faɗi ba, ba a kuwa matse shi ba. Ta haka ƙafafu huɗu suna fuskantar mai yanka.

In mai yawan mutsu-mutsu ne, a naɗe shi cikin tawul, a bar kai waje, a riƙa fito da ƙafa ɗaya ɗaya. Kada naɗin ya yi tsanani, kada kuma ya rufe hanci, domin ta hanci ya ke numfashi. A ba shi kokwamba ko ciyawa ya yi ta ci. Da yawa su kan shagala da ci har a gama ba su kula ba.

Waɗansu mutane su kan kwantar da shi rigingine, su ga ya yi shiru ba ya motsi, su ce ya ji daɗi. Wannan kuskure ne. Tsoro ne ya sandarar da shi, irin na dabbar da ta ga mutuwa ta yi kamar ta mutu. Numfashi ma yana yi masa wuya a wannan kwanciya. Kada ka yi haka.

Ka lura da alamun da ya ke ba ka. Ƙaramin kuka da ɗan fizge ƙafa ba kome ba ne. In yana kaɗa haƙora, fushi ya ke yi, sai a dakata kaɗan. Amma in ka ga yana haki, ko miyau yana zuba, ko jikinsa ya saki, maza ka mai da shi kejinsa cikin inuwa, ka ajiye masa ruwa. Aikin ya tsaya ke nan sai wata rana.

8. YADDA A KE YANKA

Ka kama ƙafar a hankali tsakanin babban yatsanka da manuni, kusa da yatsun dabbar. Kada ka ja ƙafar ta miƙe, kada ka karkatar da ita gefe. In ya fizga, bi shi da hannunka, kada ka yi ja-in-ja da shi, gama nan ne a ke gocewar gaɓa. Ka bari ya natsu, ka sake kamawa.

Ka ware yatsa guda, ka ture gashi. In farcen fari ne, nemi inda jan ya ƙare, ka bar kamar milimita 2 gaba da shi, ka yanka nan. In baƙi ne, haska tocila ta bayansa, sau da yawa inuwar jijiyar ta kan fito. In ba ta fito ba, ka cire bakin kaɗai, milimita 1 ko 2, kamar kaurin ƙwayar gero. Sa'an nan ka dubi wurin da ka yanka. In ya bushe, yana da fari-fari kamar alli, kana iya ƙara kaɗan. In ka ga ɗigo mai duhu ko danshi a tsakiya, ka kusa jijiya, sai ka tsaya.

Ka daidaita bakin ƙarfen tukuna, ka tabbata ba fata a ciki, kana ka datse sau ɗaya da ƙarfi. Datsewa a hankali tana murƙushe farce. Ka fara da ƙafafun baya in ka ga dama, gama faratansu sun fi girma, sun fi sauƙin gani. Ka ƙidaya har 14.

Kada aikin ya wuce minti goma. In ƙafa biyu kaɗai ka samu yau, gobe ka yi sauran. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga wanda faratansa suka riga suka naɗe, ka rage bakin kaɗan, ka dawo bayan mako biyu ka ƙara, haka haka har jijiya ta ja da baya farcen ya koma daidai. In farce ya riga ya shige cikin nama, ko tafin ya kumbura, kada ka taɓa, kai shi wurin likitan dabbobi. Har wa yau, waɗansu su kan yi ƙanta a gefen tafin ƙafar gaba, mai kama da farce. Kada ka fizge ta, za ta yago fata.

Bayan an daidaita, sai a riƙa yi sau ɗaya a wata, ko bayan mako shida. Ka fara saba wa ɗan ɓera da taɓa ƙafa tun yana ƙarami. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

9. IN JINI YA FITO

Ko gwani ya kan zarce wani lokaci. Dabbar za ta yi ƙara ta fizga, to, nan ne mai riƙo zai nuna amfaninsa, kada ya firgita ya sake ta. Ka tsoma bakin farcen cikin garin masara, ka danne da tsumma mai tsabta minti ɗaya ko biyu, ba tare da ɗagawa kana leƙe ba. Yawanci jinin ya kan tsaya. Ka sa shi a kan shimfiɗa busasshiya mai tsabta, ka duba ƙafar gobe da jibi.

Kada ka raina jinin. Ɓera mai nauyin kilo ɗaya jinin jikinsa duka kamar mililita 70 ne, watau misalin cokalin shayi 14. In minti goma ya wuce jini bai tsaya ba, tafi wurin likita.

Ga gargaɗi mai girma. Mutane da yawa sun saba fasa kafso su barbaɗa a miki. Kada ka yi wa ɓeran Masar haka. Fenisilin da danginsa, irin su amfisilin da amoksisilin, guba ne gare shi. Ya kan lashe ƙafarsa, maganin ya shiga ciki ya kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa, miyagu su yi yawa, zawo ya kama shi, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Kada a ba shi kowane magani sai wanda likitan dabbobi ya ce. Kada kuma a sa masa kananzir, ko baƙin mai, ko toka.

10. WAƊANDA A KE YI WA LALLAMI

Mace mai ciki. Cikinta kwana 59 zuwa 72 ne, 'ya'yan kuwa manya ne, har ta kan yi kusan ninki biyu na nauyinta. Ka yanke mata farce kafin a haɗa ta da namiji. In cikin ya tsufa ka ƙyale ta sai ta haihu.

Tsoho. Ɓeran Masar ya kan yi shekara 5 zuwa 7. Faratan tsoho su kan yi kauri, su murɗe, su riƙa farfashewa, gaɓoɓinsa kuma ba su son lanƙwasa. Shi ya fi bukatar dubawa a kai a kai, da hannu mai taushi.

Mai ciwon gaɓoɓi. In dabba tana ihu da zarar an taɓa ƙafarta, tana ɗingishi, gashinta ya yi buzu-buzu, ka tuhumi abincinta. Ɓeran Masar kamar mutum ya ke, jikinsa ba ya yin bitamin C, tilas ya samu cikin abinci kullum. A shekarar 1907 waɗansu likitoci biyu na ƙasar Norwe, Holst da Frolich, suka gane cewa ciwon rashinsa yana kama wannan dabba kamar yadda ya ke kama matuƙan jirgin ruwa. Ciwon yana kumbura gaɓoɓi, yana sa jini saurin zuba. Irin wannan dabba a nuna ta ga likita, a gyara mata abinci da ɗanyar ciyawa da koren tattasai da ɗan yankin gwaba, ta warke tukuna, kana a yi maganar farce. Da rani, sa'ad da ɗanyen ganye ya yi wuya, a nan a ke yawan ganin wannan.

11. SAURAN ƘANANAN DABBOBI

Akwai waɗansu 'yan'uwansa da mutane ke ajiyewa don sha'awa. Su sun fi shi ƙanƙanta, suna kuma yawan tono da hawa, saboda haka ba safai su ke bukatar yanka ba. In ka sa musu ɗan faifan dutse mai kaushi kaɗan ƙarƙashin abin shan ruwa, ya kan taimaka.

Hamsta. Irin mai ruwan zinariya an kamo kakanninsa kusa da Halab ta ƙasar Sham a shekarar 1930. Nauyinsa bai cika wuce giram 150 ba, jininsa duka kamar cokalin shayi biyu. Da dare ya ke yawo, da rana barci, in an tashe shi ba zato ya kan yi cizo. A bari ya farka sarai, a ɗebo shi cikin tafin hannu biyu ko cikin kofi. Jan fatar wuyansa da ƙarfi ya kan turo masa ido waje.

Ɓeran Mongoliya, wanda Turawa ke kira jabil. An kai shi Amurka a shekarar 1954. Kada a kama shi da wutsiya daɗai, gama fatarta tana saluɓewa ta bar ƙashi tsirara, ba ta kuwa sake tsiro. Farin ɓera ma ba a ɗaga shi da bakin wutsiya.

Faratan waɗannan sun yi ƙanƙanta ƙwarai, yatsa da farce kusan ɗaya su ke a ido. In sun yi tsawo, gara a kai wa likita ya nuna maka sau ɗaya.

Zomo ba dangin ɓera ba ne, amma dokar riƙonsa ɗaya ce. Faratansa 18. Ba a ɗaga shi da kunne, a kullum kuma a tallafi gindinsa, domin in ya yi harbi da ƙafafun baya a iska yana iya karya bayan kansa.

12. TSARON LAFIYARKA

Ka wanke hannu da sabulu kafin aiki da bayansa, ka goge abin yankan, kada kuma mutane su yi amfani da shi. Makero yana tashi daga ɓeran Masar ya kama mutum, musamman yara, kashinsa kuma ya kan ɗauki ƙwayoyin da ke sa zawo da zazzaɓi. In ya cije ka ko ya karce ka, wanke wurin da ruwa da sabulu nan take. Mace mai juna biyu ta bar wa wani aikin hamsta da farin ɓera, gama suna iya ɗaukar wata cuta mai taɓa ɗan da ke ciki.

Duk abin da aka faɗa a takardan nan a kan dabbobin kiwo ne. Kada yaro ya kamo ɓeran rumbu ko na daji ya ce zai yi kiwo. Cikinsu akwai mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno a shekarar 1969. Ka toshe keji da wurin ajiye abinci yadda ɓerayen gida ba za su shiga ba.

13. ABIN TUNAWA

Zauna a ƙasa, da safe, cikin inuwa.
Ɗauka da hannu biyu, ɗaya a ƙirji, ɗaya a gindi.
Kada ka matse, kada ka kwantar da shi rigingine.
Mutum biyu, ɗaya riƙo, ɗaya yanka.
Yanka kaɗan, ka bar milimita 2 gaba da jijiya.
Garin masara yana kusa tun ba a fara ba.
Kada fenisilin ko danginsa ya taɓa shi.
Ka duba faratan nan 14 kowane wata.

In ka karanta, ka karanta wa maƙwabcinka wanda ke kiwo, ka kuma nuna wa yaran gidanka riƙon da hannunka, suna zaune a kan tabarma, kafin ka bar su su ɗauki dabbar.